Baƙin Tabo a Diddigen Rifkatu

Hannatu, Iliya, Saratu, na ba ku labarin ƙuruciyata a kan dutse, na ba ku na soja har kun gaji da ji. Wannan kuwa ban taɓa ba kowa ba, ko fastonmu. Ke Hannatu, tun ranar da aka binne uwarku kike cewa ni na hana a yi mata aiki, wai tsohon soja mai taurin kai ya ja likita gefe ya ce ba za a yanke wa matarsa nono ba. Kin faɗa a gaban kawunnanki na Danko, kin faɗa wa ƙannenki a waya, duk ya dawo kunnena ban musa ba. To yau zan musa. Ban hana ba. Abin da na yi ya fi wannan muni, kuma na yi shi shekara uku kafin mu taka ƙofar asibiti.

Uwarku Rifkatu ba ta shiri da takalmi. Tun ina yi mata golmo, noman nan da saurayi ke yi wa surukansa kafin a ba shi mata, ƙafa a ƙasa na san ta, duk zaman barikin da muka yi kuwa bai canja ta ba. Da na ajiye kaki muka dawo Zuru, sai ta koma gonar dawarta kamar jiya ta bar ta. Takalmi na coci ne kawai, ana fitowa ta cire ta riƙe a hannu. Ni kuma, kun sani, ƙafa ce abin alfaharina. A soja ni ne mai gyara wa yara ƙafa bayan tafiya mai nisa: mai bororo, mai ƙaya, mai farce ya shige nama, duk wurina, ni Saja, ake turo su, in zaunar da mutum in sa reza. Babu wanda ya koya mini, kuma babu wanda ya taɓa rasa ƙafa a hannuna, shi ya sa kaina ya yi girma.

Wata rana da damina, bayan maimai, wato noma na biyu, ta dawo daga gona tana ɗingishi. Muka zauna gindin mangwaron nan na tsakar gida, ta ɗora ƙafar hagu a cinyata. A diddige akwai wani baƙin abu kamar ƙwayar wake, ya ɗan tasa, gefensa yana tsattsafo da jini. Na ce ƙaya ce ta ruɓe a ciki.

"Baban Hannatu, ba ƙaya ba ce," in ji ta. "Tawadar Allah ce, tun ina yarinya tana nan. Bana ne ta kumbura. Mu je asibiti su gani."

"Asibiti a kan diddige? Sojoji nawa na gyara wa ƙafa a daji? Kawo mini ruwan gishiri."

Ba ta ƙara magana ba, domin ta san halina in na ɗaga murya. Na ɓare sabuwar reza na yanke abin, na wurgar, kaji suka yi rububinsa. Na wanke da ruwan gishiri na ɗaure. Bayan girbi ya dawo, ya fi da faɗi. Na ji haushi kamar da gangan ya yi mini. Na sake yanka, wannan karon na shiga ciki sosai, na ɗora wuƙa a garwashi na ɗana a wurin. Ta ciji zanenta ba ta yi kuka ba. Ya warke ya bar tabo, na yi ta cika baki a gaban abokaina cewa na kashe ciwon da likita zai yi wata yana juyawa. A lokacin duk kun bar gida, ba wanda ya sani.

Shekara uku shiru. Sai wata safiya tana shirin coci ta kira ni ɗaki, ta kama hannuna ta ɗora a nononta na hagu. Wani kullutu ne ƙarƙashin fata, ƙarami kamar gurjiya, yana zillewa in an taɓa, ba ya ciwo. Na ce mu ba shi kwana biyu. Kafin wata ya ƙare ya kai ƙwan zabo, wani ƙarami kuma ya fito kusa da shi. A asibitin nan gari suka taɓa sau ɗaya suka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a birni. Ana gobe za mu tafi, ta shiga gidan Inna Tabawa, maƙwabciyarmu matar mahauci, ta yini. Da ta dawo ƙafafunta sun sha lalle har idon sawu, irin wanda ake bi da gishirin lalle ya koma baƙi wuluk. Na ce biki za mu je ne?

"Ba zan kai wa likitocin birni wannan fason su yi mini dariya ba," ta ce.

Na yi dariya ni ma. Ko kusa diddige bai zo mini a rai ba, domin me ya haɗa diddige da nono.

A birni suka soka allura a kullutun suka zuƙi ɗan abu, bayan kwana kaɗan suka ce ciwon daji ne. Suka ba ta gado, suka sa ranar aiki, wata Alhamis, sati uku gaba: za a cire nonon gaba ɗaya har zuwa hammata. Ban taɓa ganin uwarku ta tsorata irin na ranar ba. Akwai wata mata a zumuntar matan cocinmu da aka yi wa haka, Rifkatu ce ta riƙa yi mata wanka, ta ga wurin da idonta. Ba mutuwa take tsoro ba, ta faɗa mini da bakinta. Wuƙar take tsoro, da kuma ta farka ta shafa ƙirjinta ta ji fili. Duk lokacin da na shigo sai in same ta da hannu ɗaya a kan nonon, kamar mai riƙe da jaka a tasha. Ke Hannatu kina Kaduna kina buga waya safe da yamma, a yi maza a cire kafin ya bazu. Gaskiyarki ce a yadda kika sani, ni ma haka na ce mata.

Akwai wata likita a cikinsu, babbar mace ce mai gilashi, 'yar Argungu, Hausar Kabi cike da bakinta. Ita ce hankalinta bai kwanta ba. Ta taɓa kullutun ta sake taɓawa, ta ɗaga hoton nonon ga haske ta daɗe tana kallo. Ta ce dajin nono da ta saba gani yana kama nama ya riƙe, yana jan kan nono ciki, gefensa ba ya da kyau a hoto. Wannan kuwa mulmulalle ne, a sama-sama yake, ga shi biyu, ga saurin girma. Ta sa aka sake ɗibar nama da babbar allura aka kai wa likitan da aikinsa duba nama ne a madubi. Da amsa ta dawo ta zaunar da mu biyu a ofishinta.

"Baba, Mama, ku saurare ni da kyau. Daji ne, wannan babu shakka. Amma abin da munka gani bai yi kama da naman nono ba. Wani lokaci ciwon ga wani wuri yake farawa, huhu ko ciki ko mahaifa ko fata, ya bi jini ya zo ya sauka ga nono. In haka ne, baƙo ne a nan, yanke nono ba ya kashe shi, gidansa za a nema."

Ta ce an aika naman wani gari a yi masa wani rini da zai nuna asalinsa, amma amsar kan daɗe. Manyanta a wurin aiki kuma sun ce abin yana girma, ba za a zauna jira ba. In ba a gano wani wuri ba kafin Alhamis ɗin, za a ɗauke shi dajin nono a yi aiki. Daga nan ta ɗauki biro ta shiga tambaya. Tari? Jini a bayan gida? Jini bayan al'ada ta ɗauke? An taɓa yi mata aiki? Duk a'a. Sai ta ɗago kai.

"Akwai wata tawadar Allah, ko wani baƙin tabo ga jiki, da ya canza ko anka taɓa cirewa?"

Yarana, na ji kamar an zuba mini ruwan randa a baya. Mangwaron nan, da rezar, da kajin, duk suka tsaya a gabana. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Babu," na ce.

Likita ta juya ga uwarku. Rifkatu ta kalle ni, kallo ɗaya, sannan ta sunkuyar da kai ta ce babu. A ranar aka tuɓe ta a bayan labule aka duba fatarta, baya da ciki da tsakanin gashi. Ina jin nas tana yaba lallen, tana tambaya wa ya sa mata. Suka ɗaga ƙafafun suka ga baƙi daga yatsu har diddige, duka biyun iri ɗaya, suka ajiye.

Me ya hana ni magana? Na yi shekaru ina tambayar kaina, amsar kuma ba ta da kyau. Tsoro ne. Ina tsoron kawunnanku su ji cewa 'yar'uwarsu ta roƙi asibiti na sa mata wuƙa. Ina tsoronki, Hannatu. Abin da ya fi duka, ina tsoron likitar nan ta cire gilashinta ta ce ni na kashe ta. Sai na shiga yi wa kaina ƙarya: ai diddige ya warke, ai shekara uku ke nan, ai ga nisan ƙafa da ƙirji. Kowace safiya a tura ta wani ɗaki. Hoton ƙirji, hoton ciki, a shafa mata mai a mara a bi da na'ura, har roba suka zura mata ta maƙogwaro suka leƙa tumbinta, ta fito tana kakari idonta ja. Ni ina zaune a benci a ƙofa, na san inda ya kamata su duba, ina roƙon Allah su samu abin a wani wuri dabam. Ku ji irin addu'ar da ubanku ya yi: Allah ya sa a huhunta ne.

Abinci ya daina shiga cikina. In na zauna gefen gadonta ba na iya kallon ƙasan zanen rufa, inda ƙafafunta ke leƙowa. Duk da haka idona can yake zuwa, domin lallen ya fara kodewa. Daga baƙi ya koma ja mai duhu, gefen tabon ya fara nunawa. A sati na biyu ta ce in sayo mata safa, wai sanyi take ji, a watan da mutane ke kwana waje don zafi. Na je na sayo. Na sa mata da hannuna. Muka ci gaba da zancen ko Iliya ya sa an yi sharar gona.

Ranar Laraba da safe, ana gobe aiki, likitoci suka zo zagaye. Ba su samu komai a ko'ina ba, amsar rinin kuma ba ta iso ba. Wani daga cikinsu ya ce ta buɗe riga, ya ciro biro mai kauri ya zana kibiya a saman nonon hagu don kada a yi kuskure gobe. Uwarku ta bi biron da ido. Da ya gama ta ja rigarta a hankali, sai na ga haɓarta tana rawa, haƙoranta suna haɗuwa ina ji daga inda nake. Matar da na ɗana wa wuƙa mai zafi ba ta yi ƙara ba ce fa wannan. Na ga cewa gobe war haka za su yanke ta, wataƙila a banza, don kawai ni in tsira da mutuncina. Na miƙe na bi likitar nan har baranda.

"Likita, na yi miki ƙarya."

Ta tsaya. Na faɗa mata duka, da reza da wuƙa da kaji. Ina magana ina haɗa hannu kamar mai roƙo. Daidai lokacin ne kika shigo ta ƙofar can da jakarki, Hannatu, daga mota kike. Kin ga ubanki ya tare likita yana haɗa hannu. Abin da kika gani ke nan.

Likita ta juya nan take. Ta koma ciki da sauri, ta ja labule, ta ce ke ki jira a waje. Ta cire safar da kanta, ta sa aka kawo ruwan ɗumi da soso aka goge diddigen. Ga tabon nan a fili, gefensa kuma wasu ƙananan baƙaƙen ɗigo guda huɗu ko biyar da ban taɓa gani ba. Ta sa hannu a matsematsin cinyar hagu ta danna, uwarku ta ɗan zabura. Kaluluwa ce a wurin mai tauri, ta daɗe da ita, kunya ta hana ta faɗa. Likita ta sauke numfashi ta ce a soke aikin gobe. Da muka fito na tare ta na tambayi abin da na yi sati biyu ina gudu.

"Ni na sa mata ciwon?"

"Reza ba ta kawo shi ba, Baba. Dajin fata ne, shina nan kafin ka taɓa. Amma abin da ka yanke ka yar, shi ne zai gaya muna mi ke nan tun da wuri."

"Da na kawo ta a lokacin fa?"

Ta dube ni ido cikin ido.

"Ba ni yi maka ƙarya. Da mun samu abin yi."

Na koma wurin gado ina jiran uwarku ta tsine mini. Sai na tarar da ita fuska a ɗaure, haushina take ji, amma ba na abin da nake zato ba.

"Wa ya aike ka?" ta ce da ƙaramar murya. "Ni ba ni da baki ne? Da ina so a sani da na faɗa."

Na ce gobe fa za su yanke ki. Ta ce ta sani. Ta ce tun ranar da likita ta yi tambayar ta gane, kuma ta auna: a yanke nono ɗaya, ko 'ya'yanta su tofa wa ubansu yawu har ƙarshen ransa. Sannan ta sa na rantse ba zan gaya muku zancen reza ba, ta kuma roƙi likita haka. Shi ya sa da likita ta zaunar da ke, Hannatu, ta ce miki ciwon daga fata ya taso kuma aiki ba zai amfana ba, ba ta ƙara komai a kai ba. Ba ki yarda ba, kuma ban ga laifinki ba. Jiya ana cewa a yanke, yau ubanki ya yi ƙus-ƙus da likita an ce an fasa. Kin same ni gindin dalbejiyar ƙofar asibiti kin ce, "Baba, in Mama ta mutu kai ne." Ban amsa ba, domin gaskiya kika faɗa, hanya ce kawai kika ɓata.

Sati na zagayowa amsar rinin ta iso, ta ce abin da diddige ya riga ya faɗa. Suka sake wani hoto mai zurfi suka ga ya taɓa hanta. Suka ba ta magunguna, suka gaya mana a fili cewa na rage zafi ne da jan kwana, suka sallame mu. Sauran kun sani. Ta ga an shuka dawa, ba ta ga girbi ba. Na riƙe rantsuwar nan shekara da shekaru, ina ce wa kaina don ita nake riƙewa. Yanzu da ƙafata ɗaya ke bakin rami na gane rabin riƙon don kaina ne. In na je na same ta, ni da ita za mu ƙare wannan shari'ar. Ba na neman ku ce ba komai. Ina so dai ku tsane ni a kan abin da na yi, in tsanar za ku yi.

Abu ɗaya ya rage, shi ne maganar da muka yi a mota ranar dawowa. Mu biyu muka sayi kujerar gaba don ta miƙe ƙafa. Tun daga birni ba ta ce mini kanzil ba, kanta jingine da taga, ni kuma ina tsoron in yi tari. Sai da muka wuce Dabai, duwatsun gida suka fara fitowa, ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Baban Hannatu, da ka yi shiru, da sun yanke?"

"Da sun yanke."

"Da na warke?"

Na so in yi mata ƙarya ta ƙarshe. Direba yana ji, ya rage rediyo.

"Da ba ki warke ba."

Ta ɗago kanta daga jikin taga. Sannan ta zura hannu cikin rigarta, ta dafa nonon nan da ya shayar da ku duka uku, inda sauran kibiyar biro bai gama gogewa ba.

"To," ta ce. "Da abuna za a binne ni."